Rasuwar Kwanon Shinkafar Fusae

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda takaici ma ya fi baƙin cikin yawa a cikinta, Nagayasu Tokuzo na unguwar bakin kogi a garin Hagi, tsohon ma'aikacin jirgin ruwan da ke zuwa tsibiri, yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan arziki, in har akwai sauran abokan arziki, rasuwar kwanon shinkafar matarsa Fusae. Marigayin ya cika ranar Talata da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, a kan dutsen ƙofar gida, a gaban mutum talatin da 'yan kai sanye da baƙaƙen kaya, kwana uku bayan rasuwar ita Fusae ɗin. Bai yi jinya ba. Da safen ranar ma an wanke shi an kife, lafiyarsa ƙalau.

Masu cewa sanarwar Fusae layi huɗu ce kacal a jarida, ta kwano kuwa ga ta shafi-shafi, gaskiya suka faɗa. Tokuzo ya zauna da alƙalami zai rubuta ta matar, ya rubuta sunanta da shekarunta saba'in da ɗaya, sai hannu ya tsaya cak, yayarsa Masuyo ta karɓa ta ƙarasa. Ta kwanon kuwa ba mai karɓar masa ita. Yana da abin faɗa, kuma wasu daga cikin masu karantawa sun san da su ake.

An haifi marigayin, a yadda aka sani kafin Talatar nan, shekara arba'in da bakwai da suka wuce, a matoyar tangaran ta Malam Tsunetomi da ke kan tudu a bayan gari. Shekara shida Tokuzo ya yi a gidan yana koyon ginin tangaran. Ya tankaɗe ƙasa, ya tattaka laka har ƙafarsa ta tsattsage, ya faskara itace, ya tsaya a bakin wuta yana jefa itacen a ɗakunan matoyar ɗaya bayan ɗaya har girarsa ta babbake. Duk wannan ya iya. Ginin ne dai ya ƙi. In ya zauna ya shuri faifan juya laka da ƙafa, laka takan taso kamar za ta yi abin arziki, sai ta kai rabi ta langaɓar da kai. Malam Tsunetomi mutum ne mai ƙarancin magana, kuma 'yar maganar tasa ba daɗi gare ta ba. Yakan tsaya a bayansa ya duba ya ce, "Tokuzo, lallashinta ake yi, ba kokawa ba," ya wuce abinsa.

Akwai wata doka a gidan, kuma a riƙe ta da kyau don za a buƙace ta a gaba. Mai koyo farar ƙasa zalla ake ba shi. Jar ƙasar nan da ake kawowa daga tsibiri, wadda ake garwayawa don jikin kwano ya yi ƙwari, ta malam ce shi kaɗai, buhunta ma a ɗakinsa yake kwana. A shekara shidan nan Tokuzo bai taɓa sa ko ɗan yatsa a cikinta ba.

A ƙarshen ta shidan malam ya kira shi, ya zuba masa shayi da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Kana da ƙarfi, kana da gaskiya. Jirgin tsibiri na neman mutum." Sallama ke nan, an naɗe ta cikin ladabi. Amma ya yi masa alfarma guda: ya zaɓi abu ɗaya cikin abin da ya gina, a sa masa a wutar ƙarshe ta shekarar. Tokuzo ya sa kwanon shinkafa. Ya fito a karkace, gefe ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo, gindinsa da kauri, ga wata 'yar lotsawa a jikinsa inda babban yatsa ya danna lokacin ɗagawa daga faifai. Amma ya fito a raye. Yana hucewa a iska yana 'yar ƙarar nan ta sabon tangaran, tsin, tsin, tsin, shafen jikinsa na tsattsagewa siriri-siriri, Tokuzo na durƙushe a gabansa yana hawaye ba kunya.

Ya naɗe shi a ƙyalle ya gangara gari, shagon mai awara, inda Fusae ke taya mahaifinta ciniki. Ya ajiye a gabanta ya ce, "Ba ni da gida, sana'ar ma yau aka raba ni da ita. Wannan ne abin da na iya."

Ta ɗauka ta jujjuya ta ce, "A karkace yake."

"Na sani."

"To, shinkafa ba ta damu ba."

Bayan wata biyu aka yi auren, washegari ta fara ci a cikinsa. Kwana tara da farawa Tokuzo ya dawo daga jirgi ya tarar tana ci a wani kwanon kanti. Ta ce nasa yana tsatsa ta gindi, ta kai shi gidan mahaifiyarta an jiƙa a ruwan dafaffiyar shinkafa don ƙofofin lakar su toshe. Wannan ba abin mamaki ba ne, kowane sabon kwanon garin nan yana ɗan gumi, kuma maganinsa ke nan. Sai dai kowa ya san yini ɗaya ake yi, iyaka a kwana. Fusae ta ce nasa na musamman ne, sai ya yi wata biyu. Mutumin da ya yi shekara shida a matoya ya gyaɗa kai ya ce lallai kam, ai na musamman ne.

Da kwanon ya dawo, bai sake ɗiga ko ɗigo ɗaya ba har ranar da ya bar duniya.

Halayen marigayin ba sa buƙatar ƙari. Yana da kauri amma ba nauyi. Yana riƙe ɗumin shinkafa ba ya ƙona hannu. Bai taɓa shiga ruwan sabulu ba, bai taɓa kwana da danshi ba, bai taɓa zuwa bakin kowa ba sai bakin Fusae, tunda ba mai ci a kwanon wani a gidan mutunci, ko miji ne kuwa. Ita ke wanke shi, ita ke kifewa. A ƙarshen kowane cin abinci takan zuba shayi a ciki ta tattaro sauran ƙwayoyin shinkafa ta shanye, shayin nan ya riƙa bin tsage-tsagen jikinsa a hankali, shekara bayan shekara, har ya tashi daga fari ya koma ruwan ƙwai-ƙwai, daga nan ya yi ruwan zuma, gindinsa ya soma ɗaukar ja-ja. Mutanen gari suna cewa kwanon kirki sau bakwai yake sauya kama. Tokuzo ya ƙirga tara, kuma a shirye yake ya yi musu da duk wanda ya ce ba haka ba.

Marigayin ba mai surutu ba ne. Maganarsa biyu ce. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, sau uku, in tsinken cin abinci na bin cikinsa yana neman ƙwayar ƙarshe. Sai kuma kwaf, murya ƙasa-ƙasa, in an ajiye shi a kan tebur. Daga kwaf ɗin nan Tokuzo ke gane yadda gari ya waye. In ta yi laushi, lafiya. In ta yi ƙarfi, sai ya fara tunanin abin da ya yi jiya tun kafin a tambaye shi.

Ba su samu haihuwa ba, kuma ba su cika maganar ba. Abin da Tokuzo ke nuna wa baƙo in ya shigo, kwanon ne. Ba baƙon da ya tsira. Mai kawo wasiƙa ya gani, mai gyaran famfo ya gani, malamin haikali ya gani sau ba adadi. Yakan sa Fusae ta ɗaga shi a hannu, ya ce, "Ku dubi lotsawar nan. Yatsana ne, kun ga girmansa ai. Amma laka na raguwa a wuta. Wuta ta rage shi daidai da yatsanta, ba ƙari ba ragi, tun ban san awon hannunta ba." Kuma haka ne, yatsan Fusae yakan zauna a wurin ɗas. Ita kuwa sai ta ce, "Maigida, bar mutane su sha shayinsu," tana duban ƙasa. Shi a zatonsa kunya ce.

Shekara talatin da biyar yana ɗaure igiya a jirgin tsibiri, yana sauke buhunan jar ƙasa na matoyun wasu, ƙurarta a wuyan rigarsa kullum. In abokan aiki suka zolaye shi, "Magini, ya aka yi ka ƙare a dako?" sai ya ce, "Na bar gini ne don na riga na gama. Wasu sai sun yi dubu kafin su dace, ni ɗaya na yi." Malam Tsunetomi da kansa ya taɓa zuwa gaisuwar sabuwar shekara, Tokuzo ya sa aka kawo masa kwanon. Tsohon ya daɗe yana kallo, ya kife shi, ya tayar, ya ce, "Hm. Wanda ya yi wannan ya sha wuya." Kaico! Shekara arba'in Tokuzo na yawo da maganar nan a ƙirji kamar lambar yabo.

Ajalin marigayin ya faro ne daga gadon asibiti, ko da yake ba shi ke kwance ba. Ana saura kwana biyu Fusae ta cika, ta kamo hannun rigar mijinta ta ce, "Maigida, in akwatin gawata zai fita, kada ka bari a fasa kwanona."

Ya ce, "Wace irin magana ce wannan? Gida za mu koma."

"Ji ni dai. Akwai shuɗin nan na kanti a bayan kabad, shi za ka fasa. Nawa ka ajiye, kada ya fashe a gabanka. Ka yi mini alkawari."

Ya yi mata. Ya fita baranda ya yi kuka, rabin kukan na baƙin ciki, rabi kuwa, a faɗi gaskiya, na alfahari. Har ya tare wata ma'aikaciyar jinya yana ba ta labarin yadda matarsa ta gwammace ta saɓa al'ada da a taɓa aikin hannunsa.

Ranar Talata da safe ya ɗauko shuɗin kwanon ya naɗe a farar takarda ya ajiye a bakin ƙofa, tunda dole a fasa wani abu in akwati zai fita, don mamaci ya san ba shi da sauran abinci a gidan, ya kama hanyarsa kada ya waiwayo. Sannan ya shiga ciki gaida malamin haikali. A cikin 'yan mintocin nan ne Masuyo, mai shekara tamanin da ɗaya, wadda ba abin da ke wuce ta a gidan kowa, ta kwance takardar ta leƙa. Ta je kicin, ta dawo, ta sake naɗewa tsaf yadda ta same ta.

Aka fito da akwati. Motar gawa ta danna dogon hon, mutane suka sunkuyar da kai. Aka miƙa wa Tokuzo ƙunshin, ya ɗaga da hannu biyu, ya buga a kan dutse da duk ƙarfin mai ɗaure jirgi.

Kwanon kanti in ya fashe tas yake yi, da 'yar ƙara mai kaifi a baya. Wannan kwaf ya yi. Murya ƙasa-ƙasa, ita ce dai wadda ya saba ji a kan tebur safe da yamma, sai dai wannan karon ba wata bayanta. Tun kafin ya miƙe ya san abin da hannunsa ya yi. Ya waiga, Masuyo na tsaye da carbinta, idonta a rufe, wai addu'a take.

Ba a buɗe ƙunshin irin wannan, kwashewa ake a zubar. Tokuzo ya sa shi a aljihun kwat, ya tafi da shi wurin ƙona gawa, ya dawo da shi. Da la'asar, baƙi sun ragu, ya zauna a gefen tebur ya kwance takardar. Guntu bakwai ne. Ya ɗauki mafi girma zai shafa bakin karayar, sai ya tsaya. Daga waje fari ne da ruwan zuma, kamar kullum. Amma farin siriri ne, shafe ne kawai aka yi, har gindin an bi an lulluɓe. Cikin lakar kuwa ja ne. Ba ja-jan shayi ba. Jan da ya yi shekara talatin da biyar yana kakkaɓewa daga wuyan rigarsa, jan da bai taɓa sa yatsa a cikinsa ba a gidan malam.

Ya shiga kicin da guntun a tafin hannu. Masuyo na wanke kofuna.

"Yaya, ke kika musanya."

"Ni ce. So kake Fusae ta yi ta gararamba a tsakar gida tana neman abincinta? Mamaci ya san kwanonsa, ba a yi masa wayo da na kanti."

"Ita ta roƙe ni!"

"Mara lafiya na roƙon abubuwa da yawa."

Ya miƙa mata guntun. "Wannan kuma fa? Me ya kawo jar ƙasa cikin kwanon da na gina?"

Ta dubi guntun, ta dube shi, ta kashe famfo. "Wa ya ce ka buɗe? Haba Tokuzo, wa ke buɗe takardar mamaci? Kai dai tun kana yaro ba ka jin magana."

"Kin sani ke nan."

"Je ka tambayi Ikuyo. Ni kofuna nake wankewa."

Ikuyo ita ce 'yar Malam Tsunetomi, ita ke riƙe da matoyar tun rasuwar mahaifinta. Washegari da safe Tokuzo ya hau tudun nan da ya yi shekaru bai hau ba, yana tsayawa yana haki. Ya same ta tana datse gindin kofuna. Da ta ga abin da ke hannunsa ta tsayar da faifai, ta goge hannu, ta durƙusa ta sunkuyar da kai har ƙasa, tun bai buɗe baki ba.

Ya ce, "Tashi. Ba gaisuwa na zo karɓa ba."

Ta ce, "Ina da shekara goma sha shida lokacin, Yaya Tokuzo. Fusae ta zo da hantsi, da kwanonka a ƙyalle, ya rabe gida biyu. Shayi kawai ta zuba, ya buɗe a hannunta. Ta ce wa Baba, mijina ya fara aikin jirgi ba ya ko ɗaga kai ya dubi mutane, wannan kwanon ne kaɗai ke sa shi miƙewa, in ya ga haka ban san abin da zai rage masa ba. Baba ya ce ba ruwansa. Ta zauna a wancan dakalin har rana ta faɗi. Washegari ta dawo."

"Sai ya yi."

"Sai ya yi. Ya gina wani kamarsa, ya sa jar ƙasa don ya daɗe, ya lulluɓe da fari don kada ka gane. Sau goma sha ɗaya yana yi yana rushewa, don in ya ja lakar sai ta tashi a miƙe, hannunsa ya ƙi karkacewa. Har jifa ya yi da soso. Ya ce tunda yake gini bai taɓa shan wuya irin ta kwanon nan ba."

Lambar yabon da Tokuzo ya yi shekara arba'in yana yawo da ita, ashe kansa tsohon yake yaba wa, a gidan Tokuzo, da shayin Tokuzo a gabansa.

Tokuzo ya ce, "Lotsawar fa?"

Ikuyo ta dubi faifai. "Baba ya danna, ba ta yi kama ba. Ya sake, ba ta yi ba. Sai ya miƙa mata ɗanyen kwanon ya ce, ke da kika san inda take, sa da kanki."

To, jama'a, ga wutar da ta rage yatsa daidai da yatsa.

"Nawa fa? Na gaskiyar. Ta ajiye?"

Da labarin daɗi ake bayarwa, a nan ne za a ce an samu gutsattsarin a ƙasan akwatin kayanta, naɗe da alharini. Ba a samu ba. Ikuyo ta nuna masa tsibin fasassun tangaran da ke bayan matoya, tarin shekara saba'in, ciyawa ta rufe rabinsa. Nan Fusae ta jefa shi da hannunta, don kada wata rana ya yi bincike a gida ya gani. Tokuzo ya tsaya a gaban tsibin, ya tona da ƙafa sau biyu, ya ga duk farare ne, duk a karye. Ya juya ya gangara gida ko sallama bai yi ba.

Don haka ake gyara tarihin marigayin a bainar jama'a. Ba ɗan Tokuzo ba ne. Shekarunsa ma an yi musu ƙarin wata huɗu. Ya zauna a gidan nan shekara arba'in da bakwai yana cin yabon da ba nasa ba, ana ɗaga shi a gaban baƙi, bai taɓa cewa uffan ba. Tokuzo ya ce an ci amanarsa, kuma ba ya son a sassauta kalmar. Malam ya ci, Ikuyo ta ci, Masuyo ta ci sau biyu. Wadda ta fi ci kuwa ita ce wadda ta zauna gabansa safe da yamma tana ƙwas, ƙwas, ƙwas, tana jin sa yana cika baki, tana duban ƙasa. Har a gadon mutuwa, da ya ɗauka aikin hannunsa take karewa, ashe bakin zaren take ɓoyewa. Ikuyo ta ce ai shi take karewa. Ya ce ba wanda ya tambaye shi ko yana son kariyar, kuma abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ba ta nan balle ya faɗa mata haka.

Marigayin ya rasu ya bar tsinken cin abinci guda biyu, jajaye, waɗanda bakinsu ya cinye wajen yi masa hidima. Ya bar butar shayi mai guntun hanci, abokiyar zamansa. Ya bar kwanon Tokuzo, na kanti, wanda ba a taɓa nuna wa baƙo ba, kuma yanzu an gane shi kaɗai ne mai gaskiya a kan teburin. Ya bar shuɗin kwanon nan da aka yanke wa hukunci ya kuɓuta, yana nan a bayan kabad ko a jikinsa. Ya kuma bar tsoho ɗaya mai shekara saba'in da huɗu wanda tun ranar Talata a tsaye yake cin abinci a kicin, don ba ya son zama a teburin da ba kwaf.

Game da jana'iza, da farko an tsayar da cewa za a kai gawar tsibin bayan matoya a jefa, ya je ya samu wanda ya gada. An ma sa rana. Sai ranar Juma'a Ikuyo ta zo gidan da turare da lemo, ta gaida hoton Fusae, ta ce cikin ladabi in an yarda za ta haɗa gutsattsarin da ƙaron itace, ta bi layin da garin zinariya, ko don neman gafara a madadin mahaifinta.

Masuyo ta yi tsalle ta dire. "Ke Ikuyo, da girmanki? Kwanon mamaci za ki haɗa? To me aka fasa shi don shi? Fusae fa ba ta yi nisa ba, sai ta cika kwana arba'in da tara take ƙetarewa. In ta waiwayo ta ga kwanonta a tsaye a kan tebur, ai dawowa za ta yi!"

Tokuzo, da tun shigowarsu bai ɗaga kai ba, ya ɗaga.

"Me kika ce, Yaya?"

"Na ce dawowa za ta yi."

"Kin tabbata?"

"Haka muka ji daga iyayenmu. Kai, me kake kallona haka?"

Ya juya ga Ikuyo. "Kwana nawa ƙaron ke ɗauka?"

"Ba ya son gaggawa, Yaya. Guntu bakwai, haɗi shida ke nan. In ana son ya kama da kyau, kowane haɗi mako guda a akwati mai danshi."

Ya ƙirga da yatsu. Kwana arba'in da biyu, ga shi saura arba'in da uku ta ƙetare. Ya ce, "Ba zinariya, ba ta son ƙyale-ƙyale. Kuma ba ke za ki haɗa ba. Gidanku ya yi mini gini sau ɗaya, ya isa. Nuna mini kawai."

"Ƙaron nan yana cin fata fa, hannu kumbura yake yi."

"Ya kumbura."

Saboda haka ana sanar da jama'a cewa an ɗage jana'iza har sai abin da hali ya yi. Gawar tana nan a akwatin katako da jiƙaƙƙen tawul a ƙarƙashin tagar kicin, ba a buɗewa, ba a leƙawa. An yi haɗi biyu zuwa yanzu. Duka biyun sun fito a karkace, ƙaron ya yi tudu a wani wurin, hannun mai haɗin ya kumbura har wuyan hannu yana ta susa, amma wannan karon ba mai iya cewa aikin wani ne. Ba a karɓar ta'aziyya, ba a karɓar turare, ba a karɓar shawara. An yarda Masuyo ta shigo gidan, amma iyakarta falo.

Ranar cikar kwana arba'in da tara, da ƙarfe bakwai na safe, kafin malamin haikali ya iso, za a fito da marigayin a ajiye shi a gefen tebur na wajen taga, da shinkafa mai zafi a ciki, jajayen tsinkaye a gabansa, butar shayi a kusa. Za a zuge ƙofar gida a bar ta a buɗe. Ba a gayyaci kowa ba sai mutum ɗaya, kuma ta san hanya. Akwai tambayoyi da ke jiranta, an rubuta su a takarda don kada a manta ko ɗaya.

Tokuzo ya ce ba zai fara faɗan ba sai ta gama ci.